Me ke cikin kifin da ke rataye a bango? Fashin baƙi kan zaɓen ciko

Kifin nan da ake gani rataye a bangon gidan tarihi, baki buɗe, jela a karkace kamar yanzu zai fantsama cikin ruwa, abin da ya rage na ainihin kifin a jikinsa bai taka kara ya karya ba. Fata ce da kamɓorinta, wato ɓawon jikinsa, sai ƙege da jela, wani lokaci da ƙashin kai. Idon na gilashi ne. Launin fenti ne, domin fatar kifi da zarar ta bushe sai ta dusashe ta koma kamar tsohuwar takarda. Shi kuwa jikin, wannan cikar da ta sa ka kalla ka ce kifi ne, ciko aka yi. Sana'ar da ake kira takzidami ke nan: a feɗe dabba, a gyara fatarta, a mayar mata da surar da take da ita tana raye. A ɓangaren kifi kuwa, rabin aikin yana ga abin da aka zaɓa aka sa a ciki.

Mai aikin zomo ko barewa yana da mai rufa masa asiri, shi ne gashi. In ya ɗan kauce a kafaɗa, sai ya taje gashin ya lulluɓe wurin. Tsuntsu ma haka. Kifi ba shi da wannan sutura. Duk wani ƙullutu ko loɓawa da ke ƙarƙashin fatarsa sai ya fito fili, kuma man sheƙin da ake fesa masa daga ƙarshe ƙara tona asirin yake yi. Ga shi fatar ba ta da wata siffa tata ta kanta. Naman kifi kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ruwa ne, fatar ma jiƙe take sharkaf, kuma idan ta fara bushewa tsukewa take yi da ƙarfin gaske. Inda jiki ya yi tudu sai ta matse shi. Inda ya yi kwari, kamar bayan marfin kunne ko gindin ƙege, sai ta ɗage ta miƙe a saman kwarin kamar fatar ganga, ka ƙwanƙwasa da farce ka ji fanko. In dai cika rami ne kawai, ai tsumma ma zai cika. Abin da ake nema a wurin ciko shi ne ya tsaya a madadin naman da aka cire, ya jure jan fata na tsawon makonni ba tare da ya motsa ba, kada kuma ya ƙara mata ruwan da ake ƙoƙarin rabata da shi.

Mutanen da sun gwada kusan komai: ciyawa, auduga, tsumma, dusar katako, siraran feren katako da ake dunƙulewa a naɗe da zare. Ana ambaton Carl Akeley, Ba'amurken da ya yi aiki a gidan tarihin Field da ke Chicago da kuma na tarihin halittu da ke New York kafin rasuwarsa a 1926, a matsayin wanda ya fi kowa sauya tunanin masu sana'ar, ya nuna cewa a fara gina jikin dabbar daidai da jijiyoyinta, sannan a sa masa fata kamar riga. Shi kan manyan dabbobi ya yi suna, amma masu aikin kifi ma sun rabu gida biyu: masu ɗinke fata su ɗura mata ciko, da masu sassaƙa jiki su lulluɓa masa fata. Duk gardamar zaɓen ciko a tsakanin waɗannan biyun take yawo.

Cikon ɗurawa mafi tsufa da har yanzu wasu ke yi shi ne busasshen yashi. A ɗinke fata, a ɗura yashi ta baki, a daddanna a daidaita, a bari ta bushe, sannan a zazzage yashin a ƙarfafa cikin da wani abu marar nauyi. Arha gare shi, kuma ba ya kawo ruwa. Matsalarsa ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Ƙasa yake gangarawa, sai a wayi gari tumbin kifin ya zazzago kamar macen da ke ɗauke da ƙwai, gadon bayan kuma ya rame. Dusar katako zalla ta fi shi sauƙin nauyi, sai dai tana shan danshin iska ta kumbura, rani ya yi ta motse, fentin da ke sama ya yi ta tsagewa.

Wanda ya fi karɓuwa a wannan ɓangare shi ne kwaɓi mai daskarewa, kuma ƙashin bayansa filasta ce, wadda masu gini ke kira POP. Daga dutsen jibsam ake samunta, a gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 150 har yawancin ruwan jikinsa ya fita. In aka sake ba ta ruwa sai ta koma dutse cikin minti 20 zuwa 30, tana ɗan yin ɗumi. Ba a zuba ta zalla. Ana haɗa ta da abin da zai rage mata nauyi, kamar dusar katako, ko niƙaƙƙiyar takarda, ko bamikulait da falait, waɗannan duwatsu marasa nauyi da ake gasawa su kumbura, waɗanda masu renon shuke-shuke ke zubawa a tukwane. Sai kuma ɗan gam da zai riƙe haɗin ya jinkirta daskarewarsa. A nan gizo ke saƙar. Filasta ta yi yawa, kifi ya yi nauyi, kwaɓin kuma ya sandare maka a hannu kafin ka kai kai. Ta yi kaɗan, ya ƙi kamawa da wuri, ya zauna jiƙe a cikin fata kwana da kwanaki, kamɓori ya fara saki, fumfuna ta fito, wari ya biyo baya. Shi ya sa mai hankali yakan kwaɓa ɗan kaɗan a kofi tukuna, ya duba agogo ya ga minti nawa yake da su.

Ɗauki karfasa mai girman tafin hannu. An tsaga ta a gefen da zai fuskanci bango, an kankare naman tas da cokali, an jiƙa fatar a ruwan boraks, wani farin gari mai kare fata daga ƙwari da ruɓewa, an tsane ta da ƙyalle. Ɗinki daga jela yake farawa. Ka ɗinke kamar tsawon yatsa, ka tura kwaɓi da ɗan tsinke har ƙurya, domin gindin jela shi ne wurin da aka fi bari fanko, shi ne kuma yake fara yamushewa. Ka ƙara ɗinki, ka ƙara kwaɓi, a haka har tsakiya, inda za ka nutsa ɗan guntun katako a cikin kwaɓin dab da ɗinkin, wanda sukurun rataya zai kama daga baya. Kana rufewa sai ka juya ta a kan shimfiɗar yashi ko matashi mai laushi, ka goge duk kwaɓin da ya ɓata kamɓori da jiƙaƙƙen soso tun bai kama ba. Daga nan saura 'yan mintoci, kuma a cikinsu ne kifin zai samu kamanninsa ko ya rasa su: babban yatsa yana bin gadon baya, tafin hannu yana lallaɓa tumbi, ido yana kan hoton da aka ɗauka tun kifin yana ɗanye. Da kwaɓin ya fara ɗumi, an gama magana. Tun ran gini tun ran zane.

Ni a ganina wannan hanya ta ƙananan kifaye ce masu faɗin jiki, kuma a wurinsu ba ta da na biyu. Ba a yawan jan fatar, ba a yawan sa ta a cire, don haka kifin da kamɓorinsa ke zubewa da an taɓa shi yana tsira da kayansa. Amma fatar jaka ce, kuma jaka in aka cika ta zagaye take so ta yi. Kifin da ya kamata ya zama siriri sai ya fito kamar gora. Yawan ciko shi ne laifin da sabon hannu ya fi yi, don yana ganin ƙiba ado ce, alhali alamarsa a bayyane take: kamɓori ya mimmiƙe tsaye, layukansa sun buɗe.

Sai batun nauyi, wanda lissafinsa ba shi da wuya. Nauyin jikin kifi kusan daidai yake da na ruwa, wato kifi mai kilo 20 cikinsa zai ci kusan lita 20. Lita ɗaya ta busasshiyar filasta tana kai wajen kilo guda. Ko an sirka ta da abubuwa marasa nauyi, abin da za a rataya a bango ba na wasa ba ne, kuma ruwan da ke tsakiyar irin wannan tarin kwaɓi zai daɗe bai fita ba. Giwan ruwa kuwa yana iya wuce kilo 100. Lita ɗaya ta busasshiyar kumfar sassaƙa nauyinta tsakanin giram 30 ne da 50, ke nan jikin wancan kifi mai kilo 20 ba zai wuce kilo guda ba. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa yawancin ƙwararru suka koma sassaƙa.

Kumfar da ake magana ita ce foliyuretan, sinadarin da Otto Bayer da abokan aikinsa suka samar a Jamus a 1937. Danginsu ɗaya da soson katifa, sai dai ita tauri gare ta, wuƙa tana yanka ta, magagari yana cin ta, sanfefa tana goge ta sumul. Kada a rikita ta da farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake tokare talabijin da shi a kwali. Wannan folistarin ne, kuma ko da yake a banza ake samunsa, kowane allazi da nasa amanu. Ƙwayoyinsa ɓarɓashewa suke yi, ba ya ɗaukar sassaƙa mai kyau. Babban aibinsa shi ne asiton da tina suna narkar da shi, haka ma fila irin ta masu gyaran jikin mota, wadda ake yawan manne katakon rataya da ita. To ga shi ana wanke maiƙon fatar kifi da irin waɗannan sinadarai, fenti ma da su ake sirka wani. Kaɗan ya tsiyaya ta wurin ɗinki, sai rami ya buɗe a ƙarƙashin fata inda hannu ba ya kaiwa. In dole sai da shi, a nemi irin mai santsi marar ƙwaya da ake sa wa gini don tare zafi, a shafe shi da gam mai haɗin ruwa a rufe fuskarsa tukuna.

Aikin sassaƙa tun kafin wuƙa ta taɓa kifin yake farawa. A kwantar da shi a kan takarda a lanƙwasar da ake so, a zana kewayensa da fensir a tsaye, a auna kaurinsa da zagayensa a wurare uku ko huɗu: bayan kai, tsakiyar tumbi, saitin ƙegen baya, gindin jela. Wanda ya feɗe kafin ya auna ya zubar da abin da ba zai iya kwashewa ba, domin ɗanyar fata tana miƙewa, ba za ta faɗa masa gaskiyar girman mai ita ba. Sai a manna zanen a jikin kumfa a yanke, a fara rage kusurwoyi. Jikin kifi in ka yanka shi a gicciye ba ƙwai ba ne zagayayye. Wani kaurinsa yana sama da layin nan da ya ratsa gefensa, wani yana ƙasa, tsage daban, karfasa daban. Ana yi ana gwada fatar kamar tela da mai riga. In leɓunan tsagar suka haɗu ba tare da ja ba, an dace. In sun ƙi haɗuwa, jikin ya yi girma, a ƙara gogewa, kada a ce za a ja da zare, don kamɓori ne zai biya. In fata ta yi saura, tamoji za ta yi. Kifin da zai jingina da bango ana iya yafe masa 'yar tazara a baya a cike ta daga baya; wanda za a kafa a kan sanda a zagaye shi ta ko'ina ba shi da wurin ɓuya.

Akwai jikin kumfa na kamfani da ake sayarwa a shirye, kowane nau'i da girmansa. Yana rage wahala, amma a jikin wani kifin aka kwafo shi, ba naka ba. Kusan kullum sai an rage nan an ƙara can, kuma wanda bai iya sassaƙa ba ba zai san inda zai rage ba.

Kumfa ba ta manne wa fata da kanta, sai an shafa gam a tsakani, kuma wannan siririn shafi shi ke hana fatar gangar da aka ambata. Gam ɗin da aka yi da sitaci ko fulawa yana kamawa, amma abinci ne: kyankyaso yana so, haka ƙwaron nan mai cin busasshen kifi da ƙiraga. In da shi za a yi, sai an haɗa masa boraks da maganin fumfuna. Kifi mai siririyar fata da ƙananan kamɓori, irin salmon da ɗan'uwansa trout, har ƙurajen fuskar kumfar sai sun nuna ta cikin fatarsa, don haka ana fara shafe jikin da wani siririn kwaɓi a goge shi kamar ƙwai kafin a sa masa riga.

Ita wannan kumfa ana samunta a ruwa ma, gora biyu, a haɗa su daidai wa daida ta taso har kusan ninki 30. Sabon shiga yakan ga kamar ya samu gajeriyar hanya: ya ɗinke fata ya zuba ta ciki ta cika da kanta. Sauri ya haifi nawa. Tana tasowa da zafi da kuma ƙarfin turi, ba ta san siffar kifi ba, inda fata ta fi laushi nan za ta bi. Danshin fatar kuma yana shiga cikin haɗin ya sa ta yi manyan ramuka. Inda take da amfani shi ne in akwai mazubi: a kwantar da ɗanyen kifi rabinsa cikin yashi, a zuba filasta a kan gefen da za a nuna, ta kama, a feɗe kifin a mayar da fatar cikin wannan mazubi, sannan a cika ta daga baya, ko da kwaɓi ko da kumfa a kan wani shafi da ya raba ta da fatar. A nan mazubin ne ke riƙe da siffa, kuma siffar ta ainihin kifin ce. Sai dai a yi a wuri mai iska, da safar hannu da abin rufe hanci na gaske, domin sinadarin aisosayanet da ke cikinta yana iya jawo ciwon asma, ƙurar gogewa ma ba abin shaƙa ba ce.

Kai shi ne wurin da ake gane gwani. Akwai tsokar kumatu da ake zaƙulowa ta ramin ido, kuma in ba a mayar da wani abu a gurbinta ba, kuncin kifin zai faɗa kamar na wanda ya yi doguwar jinya. Wasu yumɓu suke turawa don yana da daɗin sarrafawa, amma yumɓu mai ruwa shi ma motsewa yake yi ya tsattsage. Kwaɓin takarda da filasta ya fi shi tsayawa. Duk da haka saman kai da leɓe da maƙogwaro da gindin ƙege sai sun rame, babu makawa. Waɗannan ana gyara su ne daga waje da ifoksi mai kama da ƙullu, kashi biyu da ake murzawa tare, wanda ke ba da awa ɗaya zuwa uku na aiki, ya sandare cikin yini guda, kuma ba ya motsewa. Sharaɗinsa ɗaya: sai kifin ya bushe ƙarau. Wanda ya shafa shi a mako na farko zai ga fata ta ci gaba da janyewa a ƙarƙashi, gyaran ya ɓalle ya bar gefe kamar ɓawon gyambo.

Akwai kuma abin da babu cikon da ke maganinsa, shi ne maiƙo. Kifi mai kitse, ko an kankare shi yaya, mai yana maƙale a ƙashin kai da gindin ƙege, kuma bayan watanni ko shekaru sai ya tsattsafo ya yi rawaya a ƙarƙashin fenti. Dusar katako da filasta suna shan kaɗan su jinkirta fitowarsa, kumfa ba ta sha ko kaɗan, amma jinkiri ne kawai. Dalilin ke nan da ya sa ake yawan yanke kan salmon a maye shi da na roba da aka zuba a mazubi. Tarwaɗa ta fi kowa ba da ciwon kai: ba kamɓori, fata mai santsi da kitse, in ta bushe sai ta yamushe, gashin bakinta ya nannaɗe. Irinta, da manyan kifayen teku masu dogon baki, yanzu galibi ba a ma taɓa fatarsu. Kwafin jikin ake zubawa da faiba da rezin, wato ruwan roba mai daskarewa, a yi masa fenti, abin da ya ba masu kamun nishaɗi damar auna kifi su ɗauki hotonsa su mayar da shi ruwa.

Ɗaya daga cikin kifayen da suka fi shahara a tarihin wannan sana'a ma mai maiƙo ne. A Disambar 1938 wani jirgin kamun kifi ya fito da silakant kusa da bakin kogin Chalumna a Afirka ta Kudu, kifin da masana suka ɗauka ya ƙare tun miliyoyin shekaru. Tsawonsa kusan mita ɗaya da rabi, nauyinsa wajen kilo 57. Marjorie Courtenay-Latimer, mai kula da gidan tarihin garin East London da ke can Afirka ta Kudu, ta rasa inda za ta sanyaya shi, ga zafin Disamba na can, sai ta kai shi wurin mai sana'ar takzidami. Fatar ta tsira, shuɗin launinta ya tafi, mai ya yi ta tsattsafowa daga jikinta. Kayan cikin kuwa, waɗanda masanin kifi J.L.B. Smith ya aiko da saƙon gaggawa a adana masa, kafin saƙon ya iso an riga an zubar da su. Har yau kifin yana gidan tarihin.

Wanda tsohon kifin bango ya faɗo hannunsa, ya ga ɗinki ya buɗe wani gari yana zubowa, kada ya yi gaggawar hura shi ko share shi da hannu. Tun ƙarni na 18, lokacin da Jean-Baptiste Bécoeur, wani mai haɗa magunguna a birnin Metz na Faransa, ya ƙirƙiro sabulun asanik don kare fatun tsuntsaye daga ƙwari, wannan guba ta zauna daram a sana'ar har cikin ƙarni na 20. Wasu tsofaffin kwaɓi kuma da asbesto aka haɗa su, wani ma'adini da shaƙar ƙurarsa ke illata huhu, kuma bamikulait ɗin da aka haƙo daga mahaƙar Libby a jihar Montana ta Amurka, wadda aka rufe a 1990, gauraye yake da shi. A sa safar hannu da abin rufe hanci, a shimfiɗa jarida a ƙasa, a sa kifin cikin leda a ɗaure bakinta kafin a nemi wanda zai duba shi.